Dusar Ƙanƙara a Buhun Shinkafa

Har yau ban manta da ranar da aka aike ni ɗauko dusar ƙanƙara ba, kamar wanda aka aika cefane. Ku sababbin direbobi kuna jin ana kirana Haladu Mai Talji, kuna taya dariya ba ku san mafari ba. Talji dai shi ne sunan abin a bakin Larabawa. To ku gyara zama.

A lokacin na ɗan kwana biyu a Riyad, ina tuƙa barrada, motar nan mai ɗakin sanyi a baya, a wani ƙaramin kamfani da ke raba kajin firiza ga gidajen abinci tsakanin unguwannin Batha da Shumaisi. Tsarin wurin ba wuya. A sama akwai mai kamfanin, Abu Salih, shi ne kafilinmu, wato a ƙarƙashin sunansa igamarmu take, katin zaman ƙasa. In ya sabunta maka ka zauna, in ya ƙi sai huruj, wato kora gida, ka haɗa jakarka. Ƙarƙashinsa akwai mudir, wato manaja, mai tsara wa kowa hanya, sai mu direbobi, sai 'yan lodi. A shekarar igamata ta kusa ƙarewa, ciniki ya ja baya, mudir ya fara yi mini kallon da mahauci ke yi wa rago. Ga yara a makaranta a Haɗeja, ga gini ya tsaya a linta. Tsoro nake ji, ba na ɓoye muku.

Wanda bai zauna garin nan ba yana ɗauka wuta ce shekara zagaye. Ku da kuka kwana a ɗakin kwano cikin Janairu kun san gaskiya. Mutanen gari ma sun raba sanyinsu gida-gida. Farkon Disamba ake shiga Murabba'aniyya, daga nan sai Shabaɗ a tsakiyar Janairu, mai shiga ƙashi, sai kuma Aƙarib, wato kunamu, masu harbi su lafa. Tsofaffi kullum ƙorafinsu ɗaya, wai sanyin yanzu rago ne, ya makara zuwa, ya yi saurin tafiya. Dusar ƙanƙara kuwa ba abar Riyad ba ce. Can arewa take sauka, a kan duwatsun bayan Tabuka, in ta ga dama, kuma galibi sai an shiga Shabaɗ.

Abu Salih yana da uwa, tsohuwa tukuf, ido ya tafi, ƙafa ta ƙi, a keke ake tura ta. Mu ma'aikata Jadda muke ce mata, wato kaka. A can arewan aka haife ta. Wata rana ta ce tana marmarin talji irin wanda ta gani tana yarinya. Shi kuwa gogan, mutum ne mai saurin rantsuwa, musamman in da baƙi a wurin. Nan take ya yi wallahi sai ya kawo mata shi har tsakar gida. Da aka watse ya tuna yana da mota mai firiza da direban da ba ya iya cewa a'a.

Tafiyar farko cikin Disamba aka yi ta. Wani ne ya turo masa bidiyo a waya, duwatsu fari fat, raƙuma na ratsawa. Na je gidansa karɓar umarni, na tarar Jadda na shan hantsi.

Ta ce masa, “Ba yanzu ba. Ana cikin Murabba'aniyya, sama ba ta nuna ba. Ka bari Shabaɗ ya shigo.”

Ya ce, “Yumma,” haka yake kiran uwar, “ga shi nan a waya!”

Ta ce, “To wayar ta kawo maka.”

Ya juyo gare ni: “Yalla, Haladu.” Muka kama hanya ni da yaron motata, Isuhu, dattijo ne ma ya girme ni, mutumin Maraɗi. Bakatsine ne na asali, ni Bahaɗeje, don haka tun daga Riyad har Tabuka muna zagin kakannin juna cikin nishaɗi. Tafiya ce ta wuni da ɗoriya. Muka isa muka tarar da duwatsu a bushe kamar an soya su. Wani makiyayi ya kalli bidiyon ya ce na bara ne, har ya nuna mana raƙuminsa a ciki, ya ce tuni aka yanka shi.

Da muka dawo hannu rabbana, Abu Salih bai yarda wayarsa ta yi ƙarya ba. Cewa ya yi nawa na yi a hanya har abin ya narke. Ya ɗaga yatsa ya ce, “Saura sau ɗaya. In ka kawo, na sabunta. In ba ka kawo ba, shi ke nan, huruj.”

Muka jira Shabaɗ kamar masu jiran watan Sallah. Da ya shigo, labari ya tabbata, wannan karon daga bakin wani direban tanka da ya gani da idonsa. Muka tanadi shebur da buhunan shinkafa waɗanda babu komai ciki, muka sayi farwa a Batha, rigar sanyin nan mai gashi, muka sake ɗaukar hanya. Kusa da dutsen motoci sun yi cincirindo, Larabawa sun fito da iyalansu da butocin shayi, manya da gemu suna jifan juna kamar ba su da jikoki. Muka ratse gefe muka sami wuri.

Muna fitowa ta fara sauka.

Ni na ɗauka za ta zo da rugugi irin na ƙanƙarar damina mai fasa kwano. Ina! A hankali take zuwa, kamar tana jin kunyar ƙasa. Abin da ya fi kama ni shi ne shirun. Hayaniyar motoci da ta mutane duk ta dushe, har numfashina nake ji. Isuhu ya ɗaga kai, baki buɗe, ya ce, “Haladu, mi nika gani? Sama na tankaɗe!” Na buɗe baki in tsokane shi, na kasa. Daɗi ya kama ni, da tsoron Allah, da kewar yarana, duka lokaci guda.

Sai aiki. Ba a jima ba yatsuna suka daina amsa kira, na gudu cikin mota na kunna hita. Lodi dama fannin Isuhu ne, kuma ba a yi masa shisshigi. Mutum ne da ya taso yana cusa auduga a buhu a kasuwar Maraɗi, a wurinsa buhun da ke da iska a ciki cin amana ne. Ta madubi nake hango shi: ya zuba, ya shiga buhun da takalminsa ya tattake, ya ƙara, ya tattake. Da ya ga ta saman tana tashi, ya ɗauko jarka ya yayyafa mata ruwa yadda ake wa yashi, ya sa basilla ya ɗinke baki tsaf. Ya shigo yana huci ya ce, “Wanga kaya ko Niamey za a kai shi ba ya motsi.” Na yaba masa ƙwarai. Ni kuma na murɗa firiza zuwa ma'aunin kaji, don shi kaɗai muka sani.

Mun shigo Riyad washegari bayan la'asar. Abu Salih ya tara jama'a, an shimfiɗa darduma a tsakar gida, ana zagayawa da gahawa da dabino, mata na leƙe ta taga. Aka turo Jadda cikin lulluɓinta. Muka sauke buhun farko, mu biyu da ƙyar, ya bugi ƙasa ya ce ƙum.  Isuhu ya farke buhun da wuƙa. Sai ga dunƙule guda, tauri kamar dutsen niƙa, ruwan toka, da shatin takalmin Isuhu a kansa, yana tashin ƙarnin kaji.

Baƙi suka miƙo wuya. Abu Salih ya ce, “Esh haza? Mene ne wannan?”

Isuhu ya gyara tsayuwa ya ce, “Talji ne, ranka shi daɗe. An dai shirya shi.”

Wani baƙo ya ƙware da gahawa. Fuskar Abu Salih ta yi ja, ya zaro waya yana neman mudir, na ji kalmar huruj da kunnena. Ni dai na tsaya ina lissafa abin da zan gaya wa matata.

Jadda ta ce a matso da ita. Ta miƙa hannu ta shafa dunƙulen, ta kai hanci, ta ce, “Dajaj.” Wato kaza. Sai ta fashe da dariya har keken na girgiza. Da ta lafa ta ce, “Wa ya je?”

Na ce, “Ni ne, Jadda.”

“Ka gan shi yana sauka?”

“Na gani.”

“Faɗa mini.”

Larabcina na titi ne, na lodi da sauke kaya. Na tattaro abin da ke akwai na ce, “Abyad, Jadda, fari. Yana zuwa shuwayya-shuwayya, a hankali. Mafi saut.” Wato babu ƙara.

Ta ɗaga hannu. “Sake faɗa.”

“Mafi saut. Komai ya yi shiru.”

Sai ta ce shi ne. Ta ce shekara da shekaru tana gaya wa 'ya'yanta, su kuma sai su kara mata waya a kunne da kiɗa a ciki. Ta ce ranar da ta gan shi, raƙuman babanta duk sun bar kuka, ya ɗauke ta ya sa cikin farwarsa, kanta kaɗai a waje, ba ta jin komai sai bugun ƙirjinsa. Hawaye ya jiƙa mata lulluɓi. Sannan ta juya inda take jin numfashin ɗanta ta ce, “Kai da ka aiki mutum ya ɗuro maka sama a buhu, da shi da ya tafi, wa ya fi wani? Ajiye wayar nan.” Ya ajiye. Kafin mako ya zagayo an sabunta igamata.

Amma fa ba a banza ba. Duk Juma'a sai an kira ni in ba Jadda labarin talji. Labari ɗaya, mai sauraro ɗaya, dole mutum ya sa gishiri. Kafin Aƙarib su wuce dusar cikin labarin ta kai mini ƙugu, har kerkeci na gani. Ta bar ni in yi nisa sannan ta ce, “Kazzab! Maƙaryaci. Koma wurin shirun.” In koma.

Cikin tsakiyar zafin shekarar Allah ya yi mata rasuwa. Na yi kuka ba na wasa ba, kuma ba zan ce duk don ita ba ne, har da sanin cewa bangon da na jingina ya faɗi. Da lokacin sabunta igama ya sake zagayowa, mudir ya ce Abu Salih na nemana a ofis. Na shiga. Ya rufe ƙofa da kansa, ya ce in zauna, abin da bai taɓa yi ba. Ya turo mini igamar, sabuwa. Na miƙe ina godiya, ya ce in dakata. Ya daɗe yana juya zoben hannunsa, sannan ya ce, “Haladu, abin nan da kake gaya wa Yumma. Da abin da take ce maka. Ni ban taɓa tsayawa na ji ba.”

Na gaya masa, ban sa gishiri ko ƙwaya ba. Ya juya kujerarsa ya fuskanci bango, na fita na ja masa ƙofa.

Abin da na koya ke nan, ku riƙe. Kafin ku ƙona mai ku tambayi tsohon gari lokacin abu, don waya ba ta san bara da bana ba. Ba kowane kaya ake tattakewa ba, ko da mutumin Maraɗi ya rantse. Kuma kafilin nan da kuke karkarwa in ya yi tari, shi ma ɗan wata uwa ne. Wata rana za ku same shi a ofis, kuɗi har wuya, yana roƙon direbansa ya ba shi labarin uwarsa.