Legas Awa Ɗaya Ce

Bari in sauƙaƙa wa mai karatu tun da wuri: wawan da ke cikin labarin nan ni ne, ba sai an sha wahalar nema ba. A lokacin ni ne masanin majalisarmu a Malikanchi, domin na kai aji huɗu a firamare kafin malamin ya gaji da ni, ga kuma rediyo a rataye. Wani ɗan kasuwa ya taɓa shaida mini cewa daga Kaduna zuwa Legas jirgin sama awa ɗaya da 'yan mintoci yake yi. Na riƙe wannan ilimi kamar gadon ubana. Har cewa nake, ga wanda ya waye, Legas ta fi Hunkuyi da ke nan maƙwabtanmu kusa.

Ɗanmu na fari yana Legas, yana sauke tumatir a kasuwar kayan gwari. Wata Asabar abokinsa ya bugo waya, ya ce an kwantar da yaron a asibiti, jikin kuma ba daɗi. Uwarsa, wadda saboda kunyar ɗan fari ko sunansa ba ta taɓa kamawa ba, ta same ni da ƙullin kayanta, ta ce in bar ta ta bi motar tumatir da za ta tashi daga Ikara da yamma. Wannan kaɗai ya isa ya firgita mai hankali. Ni kuwa sai na gyara hula, na ce matar mai ilimi ba ta kwana a kan kwanduna. Na ce ta bari in gama yankan rake in sayar, jirgi zan saka mu, kafin shayi ya huce mun sauka.

Raken nan ya ja kwanaki. Da aka sake bugowa aka ce yaron ya daina magana, sannan na gane ashe awar nan ba daga ƙofar gidana ake fara ƙirga ta ba. Babur zuwa Ikara, jiran mota ta cika, Zariya, Kaduna, can kuma aka ce babu kujera sai gobe. Goben ma aka ɗaga tashi zuwa la'asar. Jirgin dai bai yi mini ƙarya ba, awarsa ɗaya ya yi. Amma an yi wa yaron sutura tun azahar, don gawa ba ta jiran tikiti. Ɗanyar ƙasa muka tarar.

Jama'a, in aka ce naku ba lafiya, ku hau abin da ya samu, ko jaki ne. Nisan gari daga inda kake zaune ake auna shi, ba daga sama ba.

A hanyar dawowa, cikin motar haya, bakina da ba ya gajiya ya ce wa uwar yaron ta yi haƙuri, ƙaddara ce, jirgi kam ya yi iya ƙoƙarinsa. Ranar na fara jin sunan ɗanmu a bakinta. Ta kira shi a hankali, sannan ta juyo ta dube ni.

"Malam, motar da ka raina kwana ɗaya take yi. Awarka ɗaya ce ta cinye mana mako."