Kawu, Kik da Taɓarya

Jiya da safe a Gwadangaji na murɗa makulli, tsohuwar motata ta ce "ƙas" sau ɗaya ta yi shiru, ga ɗiyata na shirin makara jarrabawa. Nan take marigayi kawuna ya faɗo mini a rai.

Shi ba ya yarda a tura mota sai an saurare ta. Wata rana a-kori-kurarsa ta ƙi tashi a Argungu, baya cike da ɗanyen kifi, rana na dukansa, ƙarni na tashi, ƙudaje sun taru. Maza suka yo kanta za su tura, ya ce su dakata. Ya zaunar da ni a kujerar direba.

"Murɗa, ɗiyata. Mi kika ji?"

"Ƙas ɗaya, Kawu."

"Kunna fitila. Tana haske sosai? To batir lafiya lau. Kik ne, mai tada inji, ya maƙale, bai mutu ba."

Ya ɗauki sifana ya ƙwanƙwasa kik ɗin a hankali, kamar mai tada maƙwabci sallah. Na murɗa, mota ta tashi. Kifi ya isa Birnin Kebbi bai lalace ba.

Jiya ba ni da sifana. Na shiga kicin na ɗauko ƙaramar taɓarya, maƙwabta na ta yi mini dariya. Na ƙwanƙwasa sau uku, ɗiyata ta murɗa makulli, dariya ta tsaya cak.

Kawu, ran nan ko godiya ban yi maka ba. Allah Ya jiƙan ka, Ya yi maka hisabi mai taushi irin na hannunka.