Ya Malale wa Inna Lambunta da Siminti

Wata rana, ana dab da faɗuwar damina, na shiga kasuwar Malumfashi sayen irin alayyafo.

Na tarar da wani mutum tsugunne gaban mai sayar da iri. Shadda ce a jikinsa sai ƙyalli take, ga makullin mota a hannu, amma ya baje wasu ƙulle-ƙullen tsumma a ƙasa kamar mai tallar maganin gargajiya.

Ni kuwa kun san ni da sa ido. Na ce a raina, wannan boka ne ya aiko shi.

Mai iri ya kwance ƙulli ɗaya. Irin kuɓewa ne. Ya zuba a kwanon ruwa, duk ya taso sama. Ya fasa ƙwaya ɗaya da haƙori, cikinta gari ne kawai.

Ya gaya wa mutumin irin ya mutu, ko a bakin kogi aka shuka shi ba zai tsiro ba.

Sai na ga ƙaton mutum yana zubar da hawaye a tsakiyar kasuwa. Kunya ta kama ni. Na ja shi inuwa, ban ma tambaye shi ba ya fara magana.

Irin na mahaifiyarsa ne.

Tsohuwar tana da ɗan lambu a tsakar gida. Tun bazara take fara shiri. Ta tara kashin awaki a lungu, ta tara toka, sannan ta ɗauki sandarta tana zana ƙasa: nan kuɓewa, nan yakuwa, rama a bayan madafa, kabewa jikin katanga don ta samu abin hawa. Irin kuma na gado ne, duk kaka take ware shi ta ƙulle a tsumma.

Shi kuwa abin yana ci masa rai. Yana babban ma'aikaci a Kaduna, a ce uwarsa na duƙe da fartanya? Me mutane za su ce?

Da aka tashi yi mata aikin ido, ya kai ta Kaduna sati biyu. Kafin ta dawo ya turo magina. Suka kwashe takin suka zubar a bola, suka malale tsakar gidan da siminti tun daga zaure har ƙofar ɗakinta.

Wai zai ba ta mamaki.

Ta dawo ido ya buɗe tar, abin da ta fara gani ke nan. Ta daɗe a tsaye tana ƙwanƙwasa simintin da sandarta.

Ya ce, "Inna, yanzu kin huta."

Ta ce, "To ɗan nan, gobe in na tashi da safe, me zan yi?"

Dariya ya yi. Ya ɗauka wasa take.

Damina ta sauka. Ruwa ya riƙa bin siminti yana ficewa ta rariya, tana zaune kan kujerar roba tana kallonsa.

Matan unguwa da ke shigowa tsinkar yakuwa su zauna hira suka rage zuwa. Ba gaba suke yi da ita ba, abin da ke kawo su ne babu. Tsohuwar da ta saba cewa a tsinki ganye a kai wa gidan wane, ta koma sai dai a aiko mata.

Sau ɗaya ta roƙe shi a fasa mata wuri, ko da faɗin tabarma ne. Ya ce za a ɓata aikin, ta bari sai baɗi.

Baɗi ta zo, ya sake cewa baɗi.

Damina huɗu ana haka. Bara, bayan girbi, Allah Ya yi mata rasuwa.

Da ake fitar da kayanta aka samu ƙulle-ƙullen cikin kwalla a ƙarƙashin gado. Ƙanwarsa ta ce duk bazara sai tsohuwar ta fito da su ta shanya, ta sake ƙullewa, ko bana za a fasa mata.

Satin da ya wuce ya ɗauki guduma ya fasa simintin da kansa. Ya nuna min tafukan hannunsa, duk sun yi bororo.

Da muka koma, mai iri ya tausaya masa, ya auno masa sabo, ya ce ai kuɓewa duk kuɓewa ce.

Ya girgiza kai. Ya tsince tsummokaran ɗaya bayan ɗaya, ya zuba a aljihun shaddar, ya tafi.

Wallahi ko irin alayyafon ban saya ba. Ni da nake ganin laifinsa, wata uku ke nan ina yi wa tawa tsohuwar faɗa a kan kajinta, wai suna ɓata gida.

Darasi: Kafin ka hutar da iyayenka, tambaye su me ke gajiyar da su. Wani aikin da kake gani wahala, shi ke tashe su da safe. Kuma abin da suka roƙe ka bana, kada ka ce musu baɗi.

Tura wa ɗan'uwanka da ya fara zancen gyara wa tsohuwa gida, tun bai kira magina ba.