Yadda Muka Bar Bitrus a Mararrabar Jirgi

Ranar da safe na jiƙa gero na kunu, na share tsakar gida. Mijina Bitrus, mai gyaran injin niƙa, ya sa wata farar hula ya fita. Bai yi addu'a tare da mu ba. Na bi hular da kallo har ya sha kwana.

Shekarar da aka fara shari'a a Zamfara ce. A cocinmu na Kaura Namoda kujeru sun fara zama babu kowa. Wasu sun koma gida kudu, wasu sun canza suna a kasuwa. Fasto yana ta jan kunnenmu cewa ba a barin Almasihu rana ɗaya, da kaɗan-kaɗan ake zamewa. Sai muka koma sa wa juna ido. Ni Bitrus na sa wa nawa. Ya daina zuwa addu'ar Laraba. Kullum yana zauren maƙwabcinmu Malam Garba, direban motar hatsi, suna ƙus-ƙus. In na shigo su yi shiru.

Bayan azahar jita-jita ta zo cewa an yi faɗa a wani gari. Kafin la'asar na ji ana rufe shaguna da ƙarfi. Sai ihu daga wajen tasha. Sai warin taya.

Matar Malam Garba ta leƙo ta katanga. "Maman Ladi, kawo ɗiyan, maza!"

Na tsaya. Zuciyata ta ce tarko ne. Bitrus ne ya shigo da gudu ya ɗauki ƙaramin, ya tura mu ta ƙofar baya. Motar Malam Garba tana nan a kunne. An riga an bar rami tsakanin buhunan gero, daidai mutum huɗu. Muka kwanta, ni da yara uku. Aka ja tamfol a kanmu. Bitrus ya shiga gaba da hularsa.

A mararrabar jirgi wasu mutane suka tare hanya, motar ta tsaya. Na ji sanduna suna bugun ƙarfe. Na toshe bakin ƙaramin da tafin hannuna.

"Sauko!"

Ƙofa ta buɗe, na ji Bitrus ya sauka. Wata murya ta ce ta san shi, mai inji ne. Malam Garba yana rantsuwa cewa yaron motarsa ne. Suka ce to ya faɗa da bakinsa cewa shi Musulmi ne, ya wuce.

Na ɗauka na san abin da zai ce.

"Ni Kirista ne," in ji Bitrus. Muryarsa ba ta yi rawa ba. Sannan ya ɗaga ta: "Malam, ja mota!"

Motar ta zabura. Abin da na ji a bayanmu ba zan rubuta shi ba.

Magariba ta yi mana a Gusau. Malam Garba ya yaye tamfol yana kuka. Shi ya faɗa mini tun da aka fara tsoro Bitrus yake roƙonsa ya shirya mana hanya, kuma ya hana a gaya mini don kada hankalina ya tashi.

Washegari ya koma ya nemo gawar, ya binne ta da hannunsa. Ban ga kabarin ba har yau. Mu biyar ne a gidan nan. Mu huɗu muka isa gida Kagoro.