Takardar Cigiyar Buhun Yayana

Shekarar da gero ya bushe a tsaye tun bai fid da kai ba, yayana ya tafi Kano cin rani da wuri, don babu kakar da za a jira. Ya bar mini matarsa da ƴaƴa uku a gidanmu na Matameye. Ni na yi aji huɗu a lakwal, wato makarantar boko, saboda haka ni ne mai karatun gidan, kuma matar yayan nawa ba ta kirana da komai sai Mushe, yadda ake kiran malamin lakwal da Faransanci, don tsokana.

Bayan wata biyu wani mutumin Kurni da suke dako tare da yaya ya dawo gida, ya biyo ta wajenmu da saƙon baki. Ya ce yaya ya sa buhun masara a wata babbar mota mai zuwa Damagaram, za a sauke mana a tasha. A lokacin masu cin rani ba sa rubuta suna a jikin kaya. Kafin mutum ya tafi, matarsa kan yago masa ƙyalle daga tsohon zanenta. In zai aiko da kaya sai ya ɗinke ƙyallen a bakin buhu, ita kuma ta je tasha da sauran zanen a gwada. Ran nan abin da ya rage a rumbunmu ba zai kai mu wata guda ba, ko da kunu ne sau ɗaya a yini.

Kwana tara matar yaya tana zuwa tasha da zanen a hammata, babu buhu. Daga ƙarshe sarkin tasha ya ce mata wataƙila an zarce da shi. Sai an je ofishin direbobi an cika takardar cigiya, sakatare ya buga hatimi, a aika Damagaram inda ake tara kayan da ba a karɓa ba.

Soja ke mulki, iyaka kuma a rufe. Kullum sai ka ji an kama wani da laifin ɓoye hatsi ko shigo da shi ta bayan fage. Da idona na ga wani ɗan kasuwa, sa'an babanmu, an aske masa kai an durƙusar da shi cikin rana. Ban san laifinsa ba, ban kuma tambaya ba. Tun daga ranar in na hangi kaki sai in sake hanya.

Da na shiga ofishin, ga wani jandarma cikin kaki zaune a benci yana shan shayi. Yanzu na san mota kawai yake jira. A ranar kuwa na tabbata don ni ya zo. Sakatare ya miƙo mini takarda da biro. Na rubuta sunan yaya, da inda aka ɗora kayan, da kalar ƙyallen. Sai na iso layin da ake faɗin abin da ke cikin buhu. Zuciyata ta ce mini, masara daga Najeriya, iyaka a rufe, ga sunanka a ƙasa. Hannuna ya jiƙe har biron yana zamewa. Na rubuta tufafin gwanjo.

A waje matar yaya ta tare ni tana dariya.

"Mushe, wannan gumi fa? Rubutun ne da nauyi haka, ko daka aka sa ka? Ka dai rubuta masara da kyau?"

Na ce mata, "Na rubuta, Yaya."

Bayan kwana goma aka ce mu zo Damagaram. Ta bar manyan yaran wajen maƙwabta, ta goya ƙaramar, muka hau bayan wata motar itace. Ɗakin ajiyar dogo ne mai rufin kwano, cike da katifu da kwanuka da akwatunan mutane. Tun daga ƙofa ta hango buhun. Ta warware zanenta ta kara a jikin ƙyallen, yagar ta hau daidai, har zaren. Ta dube ni ta ce ai ga abincin yara.

Mai kula da ɗakin dattijo ne mai tabarau. Ya soka hannu a bakin buhun ya damƙo masara, ya dubi takardar, ya dube ni. Sai ya juya harshe zuwa Faransanci, ina jin don kada ya kunyata ni gaban mace. Ya ce takarda ta ce gwanjo, buhu ya ce masara, shi kuwa ba shi da ikon sakin kayan da suka saɓa wa takarda mai hatimi. Amma ya ce abin ba wuya. Buhu ɗaya na ci a gida ba wanda ake kamawa a kansa. In tsallaka titi zuwa wajen jandarmomi, in ce kuskure na yi, in sa hannu, su buga nasu hatimin, mu ɗauki kayanmu kafin la'asar.

Na leƙa ta ƙofa na ga ginin da yake nufi. Tsakaninmu bai fi taku hamsin ba. Soja biyu na tsaye a bakinsa. Na ga kaina a durƙushe, ana tambayata dalilin da ya sa na yi ƙarya a takardar hukuma. Na juyo daga ƙofar. Na ce wa dattijon da guntun Faransancina, wannan ba buhunmu ba ne.

Ya cire tabaransa ya dubi zanen da ke hannunta. Sa'an nan ya ce, da Hausa wannan karon, "Yaro, ka ji tsoron Allah."

Ta tambaye ni abin da ake ciki. Na ce mata hukuma ta hana sakin duk wani hatsi da ya tsallako iyaka, kuma in muka matsa za a tsare mu har da jaririyar. Ta yarda, don ba ta taɓa kama ni da ƙarya ba. Ta roƙi dattijon ko mudu biyu ne. Ya sunkuyar da kai ya ce ba nasa ba ne. Ni na ja ta muka fita, ina sauri, ina waiwayen sojojin da ko kallonmu ba su yi ba.

Da rumbu ya ƙare ta kwashi yaran a ƙafa zuwa gidan iyayenta a Dungu, inda su ma ganyen tafasa da dusa suke ci. Manyan biyu sun dawo da damina, sun rame har ban gane na tsakiyar ba. Ƙaramar can aka binne ta. Malamai sun ce kwana in ya ƙare ya ƙare, ban kuma musa ba. Amma na san buhun nan zai kai su wata biyu, kuma na san taku nawa ne tsakanina da shi.

Yaya ya dawo da ruwan farko. Bayan an yi masa gaisuwa ya kira ni ɗakinsa, ya ce matarsa ta gaya masa irin wahalar da na sha, har Damagaram, har gaban hukuma. Ya ce Allah ya bar zumunci. Ya ciro wata hula sabuwa da ya sayo mini a Kano ya miƙo mini da hannu biyu. Nan ne ya kamata in faɗa. Na buɗe baki, sai na ji kaina ina godiya, na karɓa.