Gurbin Ranar Rasuwa

Shekarar da mutanen ƙauyukan Zurmi suka gudo wa 'yan bindiga suka cika makarantun firamare na Ƙaura, wata ƙungiya ta ɗauke ni aikin shigar da sunayen matan da mazansu suka rasu, don a riƙa ba marayunsu hatsi. Aka ba ni kwamfuta da benci a ƙarƙashin darbejiya.

Rumbun bayanan da ke cikin kwamfutar yana da taurin kai. Kowane gurbi da irin abin da yake karɓa: na suna haruffa, na yawan yara lamba, na ranar rasuwar miji kuwa kwanan wata tsantsa, shekara a gaba, sai wata, sai rana. Ka rubuta masa "bayan Babbar Sallah" ko "da kakar gero", sai ya yi ja ya ƙi motsi. Ka bar shi fayau, nan ma ya ƙi. Na sha zaginsa a raina, ko da yake na san dalili: da kwanan watan ake lissafin wa ya cancanta. Saboda haka muka saba, mace ta faɗi lokacin yadda ta sani, mu lalubo rana mafi kusa mu saka.

Wata Laraba layi ya kawo wata mata doguwa, da goyo, ga yara biyu riƙe da zanenta. Na tambaye ta yaushe maigidan ya rasu.

"Malam, ni ban ga gawa tai ba," ta ce. "Gona sunka iske shi sunka tahi da shi. Damina biyu ke nan."

Na ce to mu saka ranar da aka tafi da shi.

"Ranan nan da ƙahwahu nai yat tahi. Ina kallo."

Na yi mata bayani cewa na'urar ba ta san "wataƙila" ba. Sai ta ce in rubuta baɗi. In bai dawo ba kafin nan, shi ke nan. Wallahi na gwada, don dabarar ta burge ni. Gurbin ya yi ja: ba ya karɓar ranar da ba ta zo ba.

"Baiwar Allah, rubutu ne kawai," na ce. "Ba wanda zai duba."

"Ni na sani ai. In na ba ka rana, takaba ta hau kaina."

Ta ja yaranta ta tafi. Na kira wanda ya tsara rumbun na roƙe shi ya buɗe gurbin waɗanda suka ɓace. Mutumin kirki ne, ya ce zai kai maganar sama. Tausayinta ya hana ni sakat, ga haushin kaina da ba ni da abin yi sai jira.

Maganar ba ta sauko ba har aka fara rabo. Ranar da za a rufe rajista sai ga ta, ƙaramin yaron ya rame har wuyansa ya fito. Ba ta zauna ba.

"Yau nawa ga wata?"

Na faɗa mata.

"Rubuta yau."

Na rubuta, gurbin ya karɓa nan take. Ta ɗaga hannu ta cire 'yan kunnenta, ta ƙulle su a bakin zane, sannan ta tambaye ni ina ake bin layin hatsi.