Lambar Yabon Kakanmu a Buhun Gwangwan

Ina shiga gidanmu na ƙauye, can bayan Minjibir, sai na tarar da Gwaggo Laure, ƙanwar babanmu, tana zuba wa mai gwangwan tsofaffin ƙarafa a buhu. A cikin tarkacen na hango wata lamba da ta yi baƙi, da guntun ƙyalle a jikinta.

Na ce, "Gwaggo, wannan ai lambar yabon Kaka ce, ta yaƙin Bama."

Ta ce, "Na sani. Ɗauka in kana so. Shi kansa Baba ban taɓa ganin ya rataya ta ba. In abin tunawa da shi kake nema, ka je bakin masallaci ka sha ruwa."

Ban taso na tarar da shi ba. An ce da ƙuruciya aka tafi da shi, ya dawo yana ɗingishi, kuma bai cika zancen yaƙin ba. Shi ke karanta wa mutane wasiƙa, shi ake kira in rigimar iyakar gona ta tashi. Da ya zama mai unguwa, ya kira gayya aka haƙa rijiya.

Na je. Har yau ana jan ruwa. Na tambayi wata mata sunan rijiyar, ta ce, "Rijiyar Soja." Na ce wane sojan? Ta ce wallahi ba ta sani ba.

Audu sunansa. Allah Ya jiƙansa.

Ku fa, wa ya rage a gidanku da ya san labarin kakanninku?